Wasan kuɓuta daga ɗaki: Kacici-kacicin zamani a wayoyin Sharafiyya

Unguwar Sharafiyya da ke tsakiyar birnin Jidda na ƙasar Saudiyya ba baƙuwa ba ce ga alhazan Najeriya da Nijar, waɗanda suka daɗe suna biyawa ta kasuwanninta domin sayen tsaraba kafin su hau jirgin komawa gida. A shekarun baya rediyo da agogo da darduma ne kan gaba a jakar alhaji. A yau kuwa wayar salula ta shiga sahun farko, musamman ganin cewa ɗaya daga cikin manyan kasuwannin waya na birnin tana kan Titin Falasɗinu ne, a gefen unguwar.

Daga cikin abubuwan da yara da matasa kan sauke a irin waɗannan wayoyi akwai wani nau'in wasa da ya sha bamban da na ƙwallon ƙafa ko na harbe-harbe da aka saba gani. Larabawa na kiransa wasan ɗakunan gudu, a Hausa kuma ana iya ce masa wasan kuɓuta daga ɗaki. Ana nuna wa mai wasa hoton wani ɗaki a kan allon waya ko kwamfuta, a ce masa an kulle shi a ciki, kuma ba zai fita ba sai ya warware jerin wasa ƙwaƙwalwar da aka ɓoye a cikin kayan ɗakin.

Wasan ya iso ne a daidai lokacin da Saudiyya ke zuba maƙudan kuɗi a harkar wasannin kwamfuta. To sai dai ga dubban masu jin Hausa da ke zaune a Jidda, da ma miliyoyin 'yan uwansu a Afirka ta Yamma, akwai wani kwado guda da har yanzu ba a buɗe ba, wato na harshe. Babu ko ɗaya daga cikin shahararrun wasannin nan da aka fitar da Hausa, alhali kuwa Bahaushe ya daɗe da mallakar irin kayan da ake gina su da shi.

Yadda ake fita daga ɗakin

Ƙa'idar wasan ba ta da wuyar fahimta. Mai wasa yana latsa duk abin da ya gani a ɗakin: ya jawo durowa, ya ɗaga matashin kai, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya juya hoton da ke rataye a bango. Duk abin da ya tsinta, ko makulli ne ko batir ko yagaggiyar takarda, yana shiga wata 'yar jaka da ke gefen allo, ya jira lokacin da za a buƙace shi.

Bayan bincike sai haɗa kaya. Tocila marar batir ba ta da amfani, batir shi kaɗai ma haka, amma idan aka haɗa su sai a haska wani lungu mai duhu a ga lambobin da aka rubuta a can. Daga nan ne aikin ƙwaƙwalwa na sosai yake farawa, domin da wuya a ba mutum lambar kwado a fili. Alal misali, ana iya samun akwati mai lambobi huɗu, a bango kuma a ga hotuna huɗu, na farko da tsuntsaye uku, na biyu da bakwai, na uku da ɗaya, na huɗu da biyar. Wanda ya gwada 3715 ya ga kwado bai buɗe ba, sai ya sake dubawa ya lura cewa kowane hoto yana da kwanan wata a ƙasansa, ke nan ana so a jera su ne daga mafi tsufa zuwa sabo. Agogon da ya tsaya a kan wani lokaci, da littattafan da aka jera launi-launi, da ƙarar ƙararrawa mai bugawa sau kaza, duk suna iya zama saƙo.

Waɗanda suka goge a wasan suna da 'yan dabarun da kusan kowa ya yarda da su. Ba a fara warware komai sai an gama caje ɗakin kakaf, domin sau da yawa abin da ya hana mutum ci gaba wani ɗan ƙaramin abu ne da bai tsinta ba tukuna. A yawancin wasannin, makulli ɗaya kwado ɗaya yake buɗewa, don haka abin da aka riga aka yi amfani da shi sai a kawar da shi daga lissafi. Ana kuma duba siffar kwadon kafin a nemi amsa: idan haruffa biyar yake nema, babu dalilin ɓata lokaci a kan lambobi uku. Takarda da biro suna da muhimmanci, saboda alamar da aka gani a ɗaki na farko mai yiwuwa sai a na uku za ta yi aiki. Idan kuma kai ya ɗaure, ajiye wayar na ɗan lokaci ya fi ci gaba da latse-latse, don sau tari amsar kan faɗo wa mutum ne bayan ya kau da kai.

Masu tsara wasan su ma suna da tasu ƙa'idar. Wasa mai kyau shi ne wanda duk abin da ake buƙata domin warware shi yana cikin ɗakin, ta yadda idan mutum ya ga amsar zai zargi kansa da rashin lura, ba zai zargi mai wasan da ha'inci ba. Wasu kan saka abubuwan banza da gangan don karkatar da hankali, amma idan suka yi yawa sai wasan ya gunduri mutane.

Daga jan ɗaki zuwa ɗaki na gaske

Tushen wannan wasa yana komawa ne ga wasannin kwamfuta na rubutu zalla. A shekarar 1988 wani ɗan Burtaniya mai suna John Wilson ya fitar da Behind Closed Doors, inda mai wasa ke makale a cikin banɗaki yana rubuta umarni domin neman hanyar fita. A 1993 wasu 'yan uwa biyu Amurkawa, Rand da Robyn Miller, suka fitar da Myst, wasan da ke jefa mutum wani tsibiri babu kowa sai na'urori da littattafai. Myst ya riƙe kambin wasan kwamfuta mafi ciniki har zuwa 2002, abin da ya nuna wa kamfanoni cewa akwai kasuwa ga wasan da babu bindiga a cikinsa.

Amma wanda ya yaɗa siffar da aka sani a yau shi ne Crimson Room, wanda wani ɗan Japan, Toshimitsu Takagi, ya saka a intanet kyauta a shekarar 2004. Mai wasa yana farkawa ne a wani ɗaki mai jan bango, ƙofa a kulle. Akwai makulli a ƙarƙashin matashin kai, akwai zoben da ba ya faɗowa sai an yi ta buɗe labule ana rufewa, sannan idan an haɗa kayan da aka tara a cikin wani ɗan akwati, sai hoton wani mutum mai rawa ya bayyana yana nuna wani wuri a bango inda aka ɓoye akwatin ƙarfe. Wasan ya bazu ƙwarai, har a wasu ƙasashen Asiya aka riƙa kiran duk wasannin irinsa da sunan Takagi.

Shekaru uku bayan haka, a 2007, wani ɗan Japan ɗin, Takao Kato na kamfanin SCRAP, ya fito da wasan daga cikin kwamfuta ya shirya shi da mutane na gaske a birnin Kyoto. A 2011 Attila Gyurkovics ya buɗe ParaPark a Budapest, babban birnin Hangari, daga nan kuma ɗakunan suka yaɗu a Turai da Amurka da Gabas ta Tsakiya. Tsarin da aka fi bi shi ne a shigar da rukunin mutane ɗaki a ba su minti 60. Wannan sana'a ta gamu da babban abin baƙin ciki ranar 4 ga watan Janairun 2019, lokacin da gobara ta hallaka 'yan mata biyar 'yan shekara 15 a wani ɗakin wasa da ke garin Koszalin na ƙasar Poland, lamarin da ya sa hukumomin ƙasar suka bincike irin waɗannan wurare suka rufe da dama.

A ɓangaren waya kuwa, wani ƙaramin kamfanin Ingila mai suna Fireproof Games ya fitar da The Room a 2012, da jarin da bai wuce fam dubu 160 ba. Wasan, wanda ya ƙunshi buɗe akwatuna masu sirri ɗaya a cikin ɗaya, ya zama gwarzon wasan iPad na wannan shekara, ya kuma ci kyautar BAFTA a 2013. A 2015 kamfanin Rusty Lake na Amsterdam ya soma jerin Cube Escape. A 2020 aka fitar da The Room na tabaron nan da ake ɗaurawa a fuska, wanda ke sa mutum ya ji kamar da gaske yana tsaye a cikin ɗakin, yana miƙa hannu yana murɗa makulli. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma kamfanin Adobe ya daina tallafa wa manhajar Flash, wadda aka gina Crimson Room da dubban ire-irensa a kanta. Ba don wasu masu sa kai da suka tattara su a wata taska da ake kira Flashpoint ba, da yawancinsu sun ɓace.

Me ya sa waya ta fi dacewa da Sharafiyya

Sharafiyya ta bunƙasa ne bayan da aka rushe ganuwar tsohon birnin Jidda a 1947, gari ya fantsama waje. Tana maƙwabtaka da Kandara, inda tsohon filin jirgin sama yake kafin a buɗe na Sarki Abdul'aziz a 1981, kuma a cikinta ne Masallacin Sarki Sa'ud da aka kammala a 1987 yake. Unguwa ce ta baƙi 'yan ci-rani, musamman 'yan jihar Kerala ta Indiya, tare da 'yan Pakistan da Yaman da Afirka, cike da shagunan tufafi da na kayan lantarki da ofisoshin aika kaya ƙasashen waje.

Hausawan Hijaz kuwa kashi-kashi ne. Akwai jikokin waɗanda suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan tun kafin zuwan jirgin sama, ciki har da waɗanda suka yi hijira gabas bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato suka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan ƙasa ne, masu sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi. Akwai ma'aikata da ɗalibai masu takardar iƙama. Akwai kuma waɗanda ake kira takari, masu zama ba tare da cikakkun takardu ba, wasunsu ma a can aka haife su.

An buɗe ɗakunan kuɓuta na gaske a Jidda da Riyad, musamman bayan da gwamnati ta kafa Hukumar Kula da Nishaɗi a 2016. Sai dai ana biyan kuɗin shiga ne a kan kowane mutum, kuma ga magidancin da ke biyan harajin iyali da aka ɗora wa baƙi tun watan Yulin 2017, wanda ya fara daga riyal 100 a wata kan kowane mutum ya kai riyal 400 a 2020, kai 'ya'ya huɗu ko biyar irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. Na waya kuwa da yawansu kyauta ne ko kuma kuɗinsu kaɗan ne, ba sa buƙatar waya mai tsada, kuma wasu suna aiki ko babu intanet da zarar an sauke su. A watan Afrilun 2020, lokacin da aka sa wa Jidda dokar hana fita ta sa'o'i 24 saboda annobar korona, irin wannan wasa na cikin 'yan abubuwan da iyali za su iya taruwa a kai a cikin ɗaki guda. A wancan lokaci ne ma masu ɗakunan gaske a ƙasashe da dama suka koma gudanar da wasansu ta Zoom, inda ma'aikaci ɗaya ke shiga ɗakin da kyamara, 'yan wasa na ba shi umarni daga gidajensu.

Akwai wani dalilin kuma. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukumomin Jidda sun rushe unguwanni sama da 60 da suka ce an gina su ba bisa tsari ba, ciki har da Sabil da Karantina da Gulail da Kandara da wasu sassan Sharafiyya, wuraren da 'yan Afirka suka daɗe suna zaune. Ƙungiyar Amnesty International ta ce rusau ɗin ya shafi mutane fiye da rabin miliyan, kuma tsarin biyan diyya bai haɗa da waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Maƙwabtan da suka tashi tare sun watsu zuwa wasu unguwanni, wasu kuma sun koma ƙasashen iyayensu. Wasu daga cikin wasannin kuɓuta an gina su ne daidai domin mutanen da ke nesa da juna. A cikin We Were Here, wanda wasu ɗalibai a ƙasar Holland suka fitar a 2017, ana raba 'yan wasa biyu a ɗakuna daban-daban na wata tsohuwar fada, ɗaya yana ganin alamomi ɗayan kuma yana riƙe da littafin da ke fassara su, babu abin da ya haɗa su sai rediyon oba-oba. Wanda ke Jidda da wanda ke Kano ko Maraɗi suna iya yinsa tare, muddin sun lura da tazarar sa'o'i biyu da ke tsakaninsu. A irin wannan wasa ne kawai Hausa ke samun shiga, domin rubutun allo na Turanci ne amma gardamar da ake yi a kansa da harshen gida ake yinta.

Jarin miliyoyin dubbai

Matsayin wasanni a Saudiyya ya sauya cikin ɗan lokaci. A 2001 hukumomin fatawa na ƙasar sun haramta Pokemon bisa dalilin cewa yana da kama da caca. A farkon 2016 an yi ta muhawara a kan wani bayani na babban muftin ƙasar na lokacin, marigayi Sheikh Abdul'aziz Al Sheikh, wanda ya soki wasan darar Turawa da cewa ɓata lokaci ne. Amma a ƙarshen 2017 sai ga Riyad ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta wannan dara, a shekarar da aka kafa hukumar wasannin kwamfuta ta ƙasa.

A watan Satumban 2022 Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da wani shiri na ƙasa da ke da burin samar da ayyuka dubu 39 a wannan fanni, tare da ƙara riyal miliyan dubu 50 ga tattalin arziƙin ƙasar nan da shekarar 2030. Kamfanin Savvy Games, mallakar asusun zuba jari na gwamnati, ya ba da sanarwar ware riyal miliyan dubu 142, kwatankwacin dala miliyan dubu 38. A 2023 ya sayi kamfanin Scopely na Amurka mai yin wasannin waya a kan dala miliyan dubu 4 da miliyan 900. An gudanar da gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta karo na farko a Riyad a 2024, da kyautar da ta haura dala miliyan 60. A watan Satumban 2025 kuma aka ba da sanarwar cewa asusun tare da wasu abokan hulɗa za su sayi Electronic Arts a kan dala miliyan dubu 55. Masu sukar gwamnatin Saudiyya, musamman ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama, na cewa ana amfani da wasanni ne domin gyara sunan ƙasar a idon duniya, yayin da hukumomi ke cewa manufar ita ce rage dogaro da man fetur da samar wa matasa aiki.

Wannan kuɗi ya ƙara wa Larabci daraja a idon masu yin wasanni. A 2023 kamfanin Ubisoft ya fitar da Assassin's Creed Mirage, wanda labarinsa ke faruwa a Bagadaza ta ƙarni na tara, da cikakkiyar murya ta Larabci. Yaron Sharafiyya da ya yi makarantar Larabci yana cin moriyar wannan. Ɗan uwansa na Zariya ko Damagaram kuwa sai dai ya dogara da Turanci ko Faransanci, ko ya nemi taimakon Google Translate, wanda ya soma fassara Hausa a 2013. Matsalar ita ce wasan kuɓuta ya fi sauran wasanni dogara da harshe, saboda amsar kan ɓuya ne a cikin harafin farko na kowane layi ko a kalma mai ma'ana biyu, abubuwan da ke mutuwa da zarar an fassara su.

Batun aiki ma yana da tasa iyakar. Tun watan Satumban 2016 doka ta keɓe sayar da waya da gyaranta ga 'yan ƙasar Saudiyya kaɗai, sana'ar da a da take zama makarantar farko ta fasaha ga 'ya'yan baƙi da dama a kasuwanni irin na Titin Falasɗinu.

Kayan aikin da ke gida

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a tsarin wasan ba. Kacici-kacicin da yara ke yi da dare a gaban kaka yana da duk sassan: ana siffanta abin da kowa ya sani ta hanyar da za ta ɓatar da hankali, a bar mai sauraro ya yi ta laluben amsa. Har ma da hanyar neman taimako akwai. Idan mutum ya gaza sai ya ce ya ba da gari, ya miƙa Kano ko Katsina, wani lokaci ma har Makka, kafin a faɗa masa amsa. A wasannin waya na kyauta, garin da ake bayarwa shi ne kallon talla na rabin minti ko biyan 'yan kuɗi.

A ɓangaren ilimi kuwa gadon ya fi haka zurfi. Malaman zaure sun daɗe suna amfani da hisabin abajada, inda kowane harafin Larabci ke da lambarsa, kuma marubuta waƙoƙin ajami kan ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin wata kalma a baitin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Sunan Jidda kansa ya isa lambar kwado, domin jimun 3 ne, dalun 4, ha kuma 5. Akwai ma wani tarko da mai tsara wasa zai so: lissafin da ake bi a Afirka ta Yamma na Magariba ne, wanda ya saɓa da na gabas a wasu haruffa. Sinun 300 ne a wajen malamin Kano, amma 60 ne a wajen na Makka.

Haka kuma hatimin nan mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15 ko ta ina aka lissafa, yana daga cikin wasa ƙwaƙwalwar da ake yawan samu a ɗakunan kuɓuta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan ilimi Bakatsine ne, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya bar gida ya yi aikin Hajji, ya rubuta littafi a kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai a wajejen 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Tun kafin shi, a Bagadaza ta ƙarni na tara, al-Kindi ya bayyana yadda ake karya rubutun sirri ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan maimaituwa, dabarar da 'yan wasa ke amfani da ita har yau. Injiniyan nan al-Jazari kuma ya siffanta kwado mai buɗewa da jerin haruffa a littafinsa na 1206. Malaman fiƙihu ma suna da nasu fannin na tambayoyi masu sarƙaƙiya da suke gwada ɗalibai da su.

Idan aka ƙara da tsarin gidan Bahaushe, daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida da turaka, da adakar amarya da jeren kwalla da rumbu, za a ga cewa ɗakin da za a kulle mutum a ciki ma a shirye yake.

Amfani da abin lura

Masu tallan irin waɗannan wasanni kan ce suna ƙara kaifin basira, amma binciken masana bai tabbatar da hakan yadda ake zuzutawa ba. Wani nazari da Adrian Owen ya jagoranta, wanda mujallar Nature ta buga a 2010, ya gwada mutane 11,430 na tsawon makonni shida, ya gano cewa sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta ratsa zuwa wasu ayyukan ƙwaƙwalwa ba. A watan Janairun 2016 kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 bayan da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da yaudarar jama'a a kan wannan batu. Abin da ba a gardama a kansa shi ne cewa wasan yana tilasta wa mutum karatu da lura da haƙuri, kuma idan na rukuni ne yana koyar da sauraron na ƙasa, domin sau da yawa ƙaramin cikinsu ne ke hango abin da manya suka tsallake. Wannan ne ya sa malaman makaranta a ƙasashe da dama suke shirya darussan lissafi da tarihi a siffar ɗakin kuɓuta.

Iyaye kuma suna da abin dubawa. Wasu daga cikin wasannin na ban tsoro ne, da jini da gawawwaki da tsafe-tsafe, ba su dace da ƙananan yara ba, kuma alamar shekarun da ke jikin kowane wasa a shagon manhaja tana taimakawa wajen tantancewa. Na kyauta kan cika da tallace-tallace, wasunsu na abubuwan da iyaye ba za su so ba, wasu kuma an tsananta su ne da gangan domin a sa mutum sayen amsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shigar da kamuwa da jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, matakin da ya soma aiki a 2022. Sai dai wasan kuɓuta yana da wani sauƙi guda idan aka kwatanta shi da wasannin da ba su da ƙarshe: da zarar ƙofa ta buɗe, wasa ya ƙare, kuma babu daɗin maimaita kacici-kacicin da aka riga aka san amsarsa.

Gina irin wannan wasa ba ya bukatar jarin Savvy. Takagi shi kaɗai ya yi nasa, Fireproof kuma mutane ƙalilan ne. Wasan Escape Simulator da kamfanin Pine Studio na ƙasar Kuroshiya ya fitar a 2021 ya zo da kayan aikin da kowa zai iya gina nasa ɗakin ya saka wa duniya, kuma jama'a sun riga sun gina dubbai. A Afirka ma akwai masu sana'ar, irin su Maliyo Games da aka kafa a Legas a 2012 da Kiro'o Games na Kamaru. Matasan Hausawa na Jidda, waɗanda da yawansu ke jin Hausa da Larabci da ɗan Turanci, suna zaune ne a ƙasar da ta ɗaura niyyar zama cibiyar wannan harka nan da 2030, kuma su ne suka fi kusa da iya haɗa ramzin malamin zaure da allon waya. Masu iya magana dai sun ce, idan kana da kyau ka ƙara da wanka.